Tsofaffin Motocin Amurka: Yadda Ake Gane Bonet Na Asali Da Na Aro

A watan Yunin shekarar 2014, a wajen wani gwanjon motoci da kamfanin Mecum ya shirya a birnin Seattle na ƙasar Amurka, an sallama wata tsohuwar mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta shekarar 1971 a kan kuɗi dala miliyan 3 da rabi. Motar ta haura shekara 40 a duniya a lokacin, kuma duk wanda ya saba da motocin zamani zai ce mene ne abin kashe dukiya a nan, tunda shan mai gare ta kamar raƙumi ya samu rijiya. Abin da ya sa ta yi wannan daraja shi ne irinta masu buɗaɗɗen rufi da aka ƙera a waccan shekara ba su wuce 12 ba, sannan takardunta sun tabbatar da cewa haka ta fito daga masana'anta, tun daga injin har zuwa bonet ɗinta mai rami a tsakiya.

To amma fa mai karatu ya sani cewa kamfanin ya ƙera dubban motoci masu wannan jiki sak, waɗanda aka ɗora wa ƙananan injina, kuma kuɗinsu a yau ko kusa bai kama ƙafar na waccan ba. Idan aka jera su a fili aka rufe injin, abu na farko da ido zai kama ya ce wannan ce babba, wannan ce ƙarama, shi ne bonet, wato murfin injin, wanda makanikan ƙasashen da ke amfani da Faransanci ke ce wa kapo. Shi kuwa bonet 'yan notuna ne ke riƙe da shi a jikin pata, mutum biyu da sifana ɗaya za su sauya shi kafin shayi ya huce. A nan ne gizo ke saƙar, domin abin da ya fi komai sauƙin canzawa a jikin motar, shi ne kuma ya fi komai ruɗar mai saye.

Irin waɗannan motoci ba safai ake ganinsu a kasuwanninmu na kan iyaka ba, sai dai jikokinsu irin su Dodge Charger da Challenger da Ford Mustang na zamani, waɗanda jiragen ruwa ke saukewa a Kwatano da Lome. Duk da haka, ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe kayan gyaran mota a hannu yana juya shi don ya gane ɗan asali ne, ko Baljiyam, ko ɗan Taiwan, zai ga cewa sana'arsa ce ake yi a can, sai dai kuɗin da ke ciki ya ninka.

Motocin da ake magana a kansu Amurkawa na yi musu laƙabi da motoci masu ƙwanji. Akasarin masana na ɗaukar cewa sun soma ne a shekarar 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai silinda 8 da ya haura lita 6, ya cusa shi a cikin matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. Da matasa suka yi mata rubdugu, sai Ford da Chevrolet da Dodge da Plymouth da Oldsmobile da Buick duk suka shiga gasar, aka yi ta ƙara girman inji har zuwa wajen 1970. Daga nan abin ya soma ja da baya, saboda dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora da aka lafta wa matasa, sannan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sanya a watan Oktoban 1973 ya zo ya ƙarasa shi. Ke nan duka-duka zamanin bai cika shekara 10 ba.

Dalilin da ya sa bonet ya zama abin gasa kuwa, magana ce ta iska. Inji da mai da iska yake aiki, kuma iskar da ke ƙarƙashin bonet zafi gare ta, ita kuwa iska mai zafi ba ta da kauri, abin da injin ke buƙata a cikinta kaɗan ne. Idan aka samu hanyar da kafireta za ta riƙa shaƙar iska mai sanyi daga waje, injin zai ƙara ƙarfi. Saboda haka kowane kamfani ya fito da tasa dabarar ta huda bonet a yi masa hanci. Sai dai kuma da masu talla suka lura cewa hancin kansa yana sayar da mota, sai aka shiga yin hancin ado, wanda a toshe yake, ko ƙuda ba zai wuce ta ciki ba. Don haka a mota ɗaya, a shekara ɗaya, ana iya samun bonet iri uku ko huɗu, kuma dukkansu daga masana'anta suka fito.

Lissafin da ya tona asirin Camaro

Babu inda wannan rikici ya fi fitowa fili kamar a Chevrolet Camaro ta 1969. Camaro ta talaka shimfiɗaɗɗen bonet gare ta, babu komai a kansa. Wadda ake kira SS kuma tana da bonet mai wasu adon ƙarfe guda biyu masu walƙiya, masu kama da ramukan iska, amma ado ne kawai. Na uku shi ne wanda kowa ke so, mai doro a tsakiya, wanda bakinsa ke kallon baya wajen gilashin gaba. Kamfanin ya ba shi lambar oda ZL2, jama'a kuma suka fi saninsa da Cowl Induction. Wani zai yi mamakin yadda za a ce hanci ya juya wa iska baya, to hikimar ita ce idan mota na gudu, iska tana taruwa ta cunkushe a gindin gilashin gaba, don haka da an buɗe mata ƙofa a wurin sai ta faɗa ciki da kanta. Masu tseren motoci sun daɗe da sanin wannan. A cikin doron akwai wata 'yar ƙofa da wutar lantarki ke buɗewa idan direba ya taka totur ya kusa kai shi ƙasa.

Wannan bonet ba a soma sayar da shi ba sai da shekarar ƙirar ta yi nisa, kuma dala 79 ake ƙarawa kafin a sa wa mutum. Alƙaluman kamfanin sun nuna cewa motoci 10,026 ne aka sa wa. Daga cikinsu, 3,675 fararen motoci ne masu ratsin ruwan lemo da aka yi don tunawa da tseren Indianapolis 500 na waccan shekara, waɗanda dukkansu da shi suka fito. Saura 6,351 ke nan. Ita kuwa Camaro Z/28, wadda aka fi danganta bonet ɗin da ita, guda 20,302 aka ƙera. Ɗan kasuwa ba ya bukatar na'urar lissafi a nan: ko da a ce duk ragowar Z/28 aka ba, ba za su kai kashi ɗaya cikin uku ba, alhali kuwa wasu SS sun samu, haka nan da wasu motoci na musamman masu injin 427 da aka yi odarsu ta wata hanya daban. Amma a yau idan mutum ya duba hotunan baje kolin tsofaffin motoci a Amurka, da wuya ya ga Z/28 ta 1969 mai shimfiɗaɗɗen bonet. Kusan kowace da doronta. Ina sauran suka samo nasu?

Amsar ita ce an sauya musu daga baya, wasu tun a shekarun 1970 saboda sha'awa, wasu kuma a wajen gyara don a ƙara musu kuɗi. Shi ya sa mai gyaran da ya san abin da yake yi ba ya tsayawa a kan bonet ɗin, sai ya leƙa bayansa. Motar da aka haifa da ZL2 tana da makunni a wajen totur, tana da wayoyin da suka ratsa bangon da ya raba inji da mazaunin direba, tana kuma da matatar iska ta daban mai zoben roba da ke manne wa cikin bonet idan an rufe. Mai sauya bonet don burga ba kasafai yake wahalar da kansa da waɗannan ba. Wanda kuma ya yi niyyar cuta ya saka su duka, ramukan da ya huda da hannu ba sa zama daidai da na masana'anta, kuma sau da yawa bakin ramin yakan nuna sabon ƙarfe. A ganina, wanda ya tsinci Z/28 da shimfiɗaɗɗen bonet ɗinta na haihuwa ya cire ya jefar don ya sa mai doro, ya yi asarar da bai san ya yi ba, domin a yau shimfiɗaɗɗen ne ya zama abin nema.

Yayarta Chevelle SS ta 1970 ita ma haka. Kowace SS ta zo da bonet mai doro, amma doro ne kurum. Sai wanda ya biya kuɗin ZL2 ne ke samun mai 'yar ƙofa a waje, wadda ke ɗagawa idan an taka totur, tare da ƙusoshi biyu masu riƙe bakin bonet. Matsalar Chevelle ta 1970 ta fi tsanani, domin lambar shasinta ba ta faɗin ko SS ce, balle a san wane babban inji aka ɗora mata, iyakarta ta ce silinda 6 ko 8. Injin da ake kira LS6 mai ƙarfin dawaki 450, guda 4,475 kawai aka sayar, amma duk wanda ke da Chevelle ta talaka da ɗan kuɗi a aljihu yana iya yi mata kwalliyar LS6 a cikin mako guda.

Hancin da ke rawa

A ɓangaren Ford, abin da ya yi suna shi ne Shaker, wato mai karkarwa. Shi wannan ba a jikin bonet yake ba sam. A kan injin aka ɗaure shi, bisa matatar iska, sai aka yanke rami a bonet ya leƙo waje, don haka idan injin na aiki sai a ga hancin yana rawa. A Mustang ta 1969 da 1970, harafi na biyar a lambar shasi shi ke faɗin injin. Idan R ne, injin 428 Cobra Jet ne mai shaƙar iskar waje, kuma da Shaker ta fito. Idan Q ne, injin dai shi ne, ƙarfin da aka rubuta musu ma ɗaya ne, dawaki 335, amma babu Shaker. Saboda haka duk wanda aka kawo wa Mustang mai Q da hanci yana rawa a kanta, ya san aro ne. Ita Mach 1 ta 1969 da ba a yi mata odar Shaker ba, hancin ado gare ta a manne da bonet, da 'yan fitilun sigina a bayansa suna kallon direba.

Akwai kuma Boss 429, mai harafin Z, wadda Ford ya yi don dokar tseren NASCAR ta ce sai an sayar wa jama'a da aƙalla 500 kafin a yarda injin ya shiga fili. Injin ya yi wa motar girma, sai da aka riƙa kai su wani kamfani mai suna Kar Kraft a jihar Mishigan ana faɗaɗa musu ɗakin inji. Hancinta ƙato ne, direba ke buɗe shi da hannu daga ciki, kuma a 1969 launin motar aka shafa masa, a 1970 kuma baƙi. Wannan ɗan bambanci na fenti kaɗai ya isa ya sa alƙalan baje koli su rage wa mota maki.

Amma a wajen yawan iri, babu kamar gidan Chrysler, masu Dodge da Plymouth. Barracuda ta 1970 tana da shimfiɗaɗɗe, 'Cuda tana da mai hanci biyu na ado, sannan ga Shaker ɗinsu su ma, wanda dole ne a kan duk 'Cuda mai injin Hemi, a sauran kuma sai an biya. Na huɗu shi ne na AAR 'Cuda, baƙi mara sheƙi wanda aka yi da faiba maimakon ƙarfe, kuma guda 2,724 aka ƙera don cika sharaɗin shiga tseren Trans-Am. 'Yar'uwarta Dodge Challenger T/A, guda 2,399, ita ma faiba ce, amma hancinta ya ɗago sama kamar bakin kwarya. Waɗannan na faiba sun yi ƙaurin suna wajen lanƙwasa a tsakiya saboda zafin inji da ƙarfin sifirin ɗin pata, ta yadda idan aka ga wanda ya kwanta lif babu ko ɗan tudu, sai masana su ƙara buɗe ido.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Road Runner da Super Bee na musamman da aka fitar a tsakiyar 1969, masu lambar A12, da injin lita 7.2 mai kafireta uku. Bonet ɗinsu ko pata ba shi da ita. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da shi a kusurwa huɗu, idan za a duba mai sai an nemi mutum na biyu a ɗaga shi ɗungurungum a aza a kan rufin motar. Ka ga ke nan mai irin wannan mota ba ya tafiya shi kaɗai, ko ba yaron mota sai ya nemi aboki. Harafi na biyar a lambar shasinsu M ne. Road Runner ta 1970 kuma tana da wani da ake kira Air Grabber, wata ƙofa ce a tsakiyar bonet da direba ke taɓa makunni ta ɗago, a gefenta an zana haƙora kamar na kifi mai cin mutane, don a tsorata wanda aka tsaya da shi a danja.

Sa'ar da masu gyaran motocin Chrysler suka yi ita ce akwai wani ɗan allon ƙarfe da aka ɗaure a cikin ɗakin inji, a kan fendar hagu, wanda aka buga wa lambobin kayan da aka sa wa motar. Idan akwai N96 a kai, motar ta fito da bonet mai shaƙar iskar waje, ko Shaker ko Air Grabber, gwargwadon ƙirarta. J45 kuma yana nufin ƙusoshin bonet. Ban da allon, akwai takardar da ke bin mota a layin haɗi tana gaya wa ma'aikata abin da za su ɗaura, wadda suka saba cusawa a cikin sifirin ɗin kujera ko ƙarƙashin kafet idan sun gama. Mutane sun sha zare kujerar baya bayan shekara 40 su tarar da ita ta yi ja, ɓera ya ci gefe, amma lambobin na nan. Wannan 'yar yagaggiyar takarda tana iya ƙara wa mota dubban daloli.

Sai dai harafi ma yana yaudarar wanda ya haddace shi bai haddace shekara ba. A motocin Chrysler na 1969, J shi ne Hemi. A na 1970, Hemi ya koma R, shi kuma J ya zama injin 340 mai kafireta uku na AAR da T/A.

Abin da ƙarfen kansa ke faɗa

Idan babu takarda, sai a koma ga bonet ɗin a yi masa tambayoyi. Abu na farko mayen ƙarfe, wanda ke raba faiba da ƙarfe nan take, ya kuma nuna inda aka cike lotsa da fila, domin a wurin ba ya kamawa sosai. Bonet ɗin Oldsmobile 442 mai lambar W25, na 1970 zuwa 1972, misali ne mai kyau: samansa faiba ne, amma ƙashin da ke ƙasansa ƙarfe ne, don haka mayen ƙarfe zai zame a sama ya kama a ƙasa. Da yawa daga cikin na kwaikwayo faiba ne ciki da waje. Haka zalika na asalin yana da wata ragar waya a cikinsa, irin ta kejin kaji. Mu da muke aikin rediyo mun san amfaninta, domin tartsatsin fulogi yana shiga akwatin rediyo ya riƙa ƙara, bonet na ƙarfe yana tare wannan, na faiba kuwa ba ya tarewa, shi ya sa aka sa ragar don direba ya ji tasharsa garau.

Abu na biyu a kifa bonet ɗin a dubi cikinsa. Mai son ya mayar da shimfiɗaɗɗen bonet ɗin 'Cuda ya zama na Shaker dole ya yanke rami, kuma a garin haka sai ya datse haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙasa. Na masana'anta kuwa an tsara haƙarƙarinsa ne ya zagaye ramin. Duk iya walda da gogewar mai gyaran jiki, idan aka kankare fenti sawun hannunsa yana nan.

Abu na uku kwanan wata. Kamfanonin sun riƙa buga 'yan lambobi a jikin kowane falle na ƙarfe lokacin da aka matse shi. Na Ford yana nuna wata da rana da harafin masana'anta da kuma rukunin ma'aikatan da suka yi aikin, amma babu shekara. Na General Motors mako yake nunawa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ɗa ba ya girme uwarsa, haka nan bonet ba zai zo duniya bayan motar da aka ce an haife shi da ita ba. Kamata ya yi ya riga ranar haɗa motar da 'yan kwanaki ko makonni, ya kuma yi kusa da kwanan fenda da ƙofofi. Idan an haɗa mota a watan Nuwamba, bonet ɗinta na ɗauke da watan Maris, to akwai labari.

Labarin kuma ba lallai ne ya zama na cuta ba. Motoci ne na matasa masu gudu, kuma gaba ne ke fara cin karo. Motar da ta yi hatsari a 1975 aka sayo mata sabon bonet daga shagon kamfani, bonet ɗinta na kamfani ne tsantsa, amma ba shi ne na haihuwarta ba. Don haka masu harkar suka kasa abin gida uku, kamar dai yadda ake yi a kasuwar kayan gyara: akwai wanda ya zo da motar, akwai na kamfani da aka ciro daga wata motar ko aka tsinto a tsohon sito ba a taɓa ɗaurawa ba, sannan akwai na kwaikwayo. Na kwaikwayon a yau kamfanoni irin su Dynacorn da Auto Metal Direct da Goodmark ne ke sayar da su a fili, da sunansu da komai, kuma da yawa daga ciki a Taiwan ake buga su. Ashe ba mu kaɗai ne muka san ɗan Taiwan ba. Wasunsu sun yi kyau ƙwarai, har sai an auna kaurin ƙarfe an dubi tsarin ɗigon walda kafin a gane.

Babu laifi a dokar Amurka mutum ya ɗauki ƙaramar mota ya yi mata shigar babba, muddin ya faɗa wa mai saye gaskiya, kuma irin waɗannan suna da kasuwarsu da farashinsu. Inda ake shiga hannun hukuma shi ne taɓa lambar shasi, wanda babban laifi ne a dokar tarayya. Allon fenda kuwa ana buga sabo, kuma an sha kama na jabu, shi ya sa ƙwararru ba sa yarda da shi shi kaɗai, sai sun gwada shi da guntun lambar shasi da aka buga a ɓoyayyun wurare, kamar ƙarfen da ke riƙe lagireto da gindin gilashi da kuma jikin injin.

Masu Ford da Pontiac sun fi kowa hutawa, saboda tsofaffin bayanan kamfanoninsu sun tsira. Wani kamfani a jihar Arizona mai suna Marti Auto Works yana da izinin amfani da kundin Ford tun daga motocin 1967, mutum ya aika da lambar shasi ya biya, a aiko masa da jerin duk abin da motar ta fito da shi. Pontiac Historic Services kuma suna ba da kwafin takardar kuɗin da kamfani ya aika wa dila. Wannan yana da amfani ga GTO, domin hancinta biyu na 1968 zuwa 1970 a toshe suke sai a motar da aka yi wa odar Ram Air, sannan akwai agogon nuna juyin inji da ake ɗaurawa a kan bonet ɗin a waje, wanda wasu a masana'anta aka sa, wasu dila ne ya huda ya ɗaura. Chevrolet ce marainiya a nan, domin irin wannan kundi na motocin da ta ƙera ta sayar a cikin Amurka a waɗancan shekaru bai wanzu ba, kuma shi ya sa jabun Chevelle da Camaro suka fi yawa.

Akwai kuma wuraren da masana'antar da kanta ta yi abin da zai sa baƙo ya rantse cewa haɗe-haɗe ne. Plymouth Superbird ta 1970, mai dogon baki da ƙaton fiffike a baya, bonet ɗinta da fendojinta na gaba daga Dodge Coronet aka ɗauko aka gyara. Wanda bai sani ba zai ce wani mai walda ne ya yi ƙarfa-ƙarfa, ya cire ya nemo na Plymouth, ya ɓata mota mai tsada. Haka Pontiac Trans Am, wadda Shaker ɗinta ke kallon baya: daga 1970 zuwa 1972 yana buɗewa, amma daga 1973 kamfanin ya toshe shi saboda dokar hana ƙara. Samari da yawa sun fasa toshiyar da hannunsu don su ji rurin injin, don haka mai gyara Trans Am ta 1973 da ke son ya mayar da ita yadda ta fito, aikinsa shi ne ya sake toshe ramin da wani ya sha wahalar buɗewa.

Kamfanonin da suka yi wannan gasa da yawansu sun kwanta dama. An rufe Plymouth a 2001, Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010. Dodge ya dawo da Challenger a 2008, ya kuma dawo mata da Shaker a 2014, kafin a daina ƙera ta a watan Disambar 2023, watan da Camaro ita ma ta tsaya. Waɗannan na baya-bayan su ne ke shigo mana, kuma su ma ba su tsira ba, domin ana ɗaukar Charger ko Challenger mai silinda 6 a sa mata bonet da tambarin Hellcat, wadda injinta ya haura ƙarfin dawaki 700. Tun daga 1981 lambar shasin motocin Amurka ta zama mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba, kuma a motocin Dodge na takwas a jerin shi ne ke faɗin injin da motar ta fito da shi.